Wa ya zana Popeye? Amsar da aka turo ta murya a guruf ɗin masu zane da tace fim

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da dare, da fatan an wuni lafiya. Ƙanena, na ga tambayarka tun da rana, ina kan aiki ne shi ya sa ban amsa ba, kuma maganar ta fi ƙarfin rubutu, gara in yi ta da baki. Ka ce yaranka sun kama kallon tsohon katun ɗin Popeye a waya, mai cin alayyahun nan, ka ga motsinsa ya bambanta da na yanzu, kana tambaya ko shi ma aikin Disney ne. Na ga mutum biyu sun ce maka e. To, ba Disney ba ne. Aikin gidan Fleischer ne, wa da ƙane, Max da Dave. Ina roƙon ku riƙe sunan nan, don wallahi yana yi mini ciwo yadda ya ɓace a bakin mutane, har da mu da muke cin abinci da abin da suka ƙirƙiro.

Shi Max an haife shi a 1883 a Krakow, wadda ke cikin Poland a yau. Yana ƙaramin yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa New York a Amurka, a can aka haifi Dave a 1894. Mahaifinsu tela ne. Max ya fara da zanen barkwanci a jarida, amma mutum ne mai son taɓe-taɓen inji, ya ga abu sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Katun na wancan lokacin kuwa motsinsa kamar ana fizgar 'yar tsana da zare ne, babu taushi ko kaɗan. Sai ya ce to me zai hana a ɗauki mutum na gaske a fim, a zana a kansa? A 1915 ya nemi rajistar na'urar, aka ba shi a 1917. Sunanta rotoscope.

Ka gane yadda take? Majigi ne yake haska hoto ɗaya tak na fim a bayan gilashi. Mai zane ya ɗora takarda a kan gilashin ya bi sawun jikin mutumin da alƙalami. Ya gama, ya murɗa zuwa hoto na gaba, ya sake ɗora wata takardar. Haka, ɗaya bayan ɗaya. Dave ne ya sa kayan ɗan kama ya yi ta tsalle-tsalle a gaban kyamara, daga nan aka samu Koko, ɗan kaman katun ɗinsu. Ni kaina na taɓa gwadawa. Na ɗauki ƙanena a waya yana tafiya a tsakar gida, daƙiƙa biyu kacal, hoto 48 ke nan tunda 24 ne a kowace daƙiƙa. Dare guda na kwana a kai. Amma a daren ne na ga abin da shekaru ina zane ban lura da shi ba: diddige ne ke fara taɓa ƙasa, ƙugu ya ɗan karkata, kafaɗa ta sauka a ɗaya ɓangaren, kai ya yi ƙasa ya dawo. Masu tace fim a cikinmu, duk ranar da kuka zauna kuna yanke mutum daga bayansa kuna cewa kuna yin roto, sunan na'urar Max kuke kira.

Abin da suka yi da Koko kuwa, duk wanda ya yi makarantar allo zai ji daɗinsa. Za ka ga Max da kansa a zaune a tebur, ya tsoma alƙalami cikin kurtun tawada, ya zana ɗan kaman, sai zanen ya miƙe ya fita daga takarda, ya hau tebur, ya yi ta ɓarna a ofis, a ƙarshe ya koma cikin kurtun a rufe. Sunan jerin ma ke nan, Out of the Inkwell, wato daga cikin kurtu. A 1921 suka kafa kamfaninsu na kansu, a 1929 ya koma Fleischer Studios, a kan titin Broadway.

Akwai kuma maganar sauti. Kowa yana cewa Mickey Mouse na 1928 shi ne katun na farko mai murya. To, tun a 1924 su Fleischer suna aiki da wani mai ƙirƙira, Lee de Forest, suna fitar da katun mai sauti. Su ne suka kawo 'yar ƙwallon nan da ke tsalle a kan kalmomin waƙa don 'yan kallo su bi. Gaskiya Disney ya fi su gyara abin, ya kuma fi su iya tallarsa, wannan ba na musu. Amma ba shi ya fara ba.

Kuma hannunsu daban ne. Katun ɗin Disney ƙauye ne, gona, dabbobi, tsafta. Na Fleischer birni ne, lungu, gidajen haya, hayaƙi, kiɗan baƙaƙen fata na New York. Hannu da ƙafa suna lanƙwasa kamar tiyo, kujera ta yi magana, fitila ta yi rawa, komai na cikin hoton yana numfashi. A 1932 sun ɗauki mawaƙin nan Cab Calloway yana taka rawarsa, suka bi ta da rotoscope suka ɗora wa wata dabbar teku mai haure. Kana gani ka san mutum ne a ciki. Betty Boop, budurwar katun ɗin nan, ma tasu ce, ta fito a 1930, da farko ma karya ce mai dogayen kunnuwa, daga baya kunnuwan suka koma 'yan kunne. Shigarta ba ta yara ba ce, ba zan ce ka nuna musu ba, ko a can ma da aka tsaurara dokar tace finafinai a 1934 sai da aka tsawaita mata riga.

To sai Popeye. Ba su suka haife shi ba, ka riƙe wannan, zan dawo kansa. Wani mai zanen jarida ne, E. C. Segar, ya fito da shi a 1929, kuma mallakar kamfanin King Features ne. Su Fleischer hayarsa suka yi, suka sa shi a fim a 1933. Amma su suka mai da gwangwanin alayyahu ya zama makaminsa na kullum, har manoman alayyahu na garin Crystal City a Texas suka kafa masa gunki a 1937. Ƙanena, in za ka zauna da yaran ka kasa kunne. Za ka ji Popeye yana ƙunƙuni ƙasa-ƙasa alhali bakinsa a rufe yake da lofe. Dalili shi ne sau da yawa sai an gama zane ake ɗaukar murya, sai mai muryar, Jack Mercer, ya riƙa cusa 'yan maganganunsa da ba a rubuta ba. Rabin daɗin yana nan.

Ka nemi wanda Popeye ya haɗu da Sindbad, na 1936, mai kala ne. Ka dubi duwatsu da kogon da ke bayansa, za ka ga kamar ka sa hannu ka taɓa. Ai ba zane ba ne, gini ne. Sukan ƙera ɗan ƙaramin dutse da kogo da bishiyoyi a kan wani babban tebur mai juyawa, su rataya zanen da aka yi a kan roba garai-garai a gabansa, su ɗauki hoto ɗaya, su ɗan juya teburin, su canza zanen, su sake ɗauka. Ba kwamfuta, ba komai. Na fi sau goma ina maimaita wurin nan. Sun yi na Ali Baba da ɓarayi arba'in a 1937, da na Aladdin a 1939, labaran da muka sani a Dare Dubu da Ɗaya. Sai dai in gaya maka gaskiya, yadda suka zana Larabawa a ciki akwai raini, haka ma baƙar fata a wasu katun ɗin nasu. In yara za su kalla, ka kasance a wurin ka yi musu bayani.

Yanzu yadda gidan ya rushe, nan ne zuciyata take. A 1937 ma'aikatansu suka shiga yajin aiki na wata biyar kan albashi da yawan aiki. A ƙarshen shekarar Disney ya fitar da Snow White, dogon fim, ya kwashi kuɗi. Sai Paramount, kamfanin da ke ba su jari yana rarraba musu finafinai, ya ce su ma su yi nasu. Suka tattara suka koma Miami a 1938, sabon gini, ma'aikata ɗaruruwa, duk da kuɗin Paramount. Suka yi Gulliver's Travels cikin ƙasa da shekara biyu, ya fito a Disamba 1939. An kalle shi sosai, amma kuɗin da ya ci ya zarce lissafi, ga yaƙin duniya ya toshe kasuwar Turai. Ana cikin haka wa da ƙane suka ɓata, har ta kai ba sa magana, sai dai a rubuta takarda a aika daga wannan ofis zuwa wancan. Ciki ɗaya fa. Mutanen da suka kwana tare a kan gilashi ɗaya.

Duk da haka a cikin wannan hali suka yi Superman na 1941, na farkon ya ci dala 50,000, kuma har yau masu zane suna komawa su koyi haske da inuwa a cikinsa. Dogon fim ɗinsu na biyu, Mr. Bug Goes to Town, an fara nuna shi a Disamba 1941, daidai makon da Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojin ruwan Amurka. Wa ke ta katun? Paramount ta karɓe gidan saboda bashi, ta sallami su biyun, a 1942 ta canza masa suna zuwa Famous Studios. Ka duba abin da suka fita da shi. Popeye na King Features ne. Superman na kamfanin mujallarsa ne. Finafinan suna hannun Paramount, ita ce ma ta sayar wa masu rarraba wa gidajen talabijin a shekarun 1950, ta nan suka zagayo har suka iso gare mu. Shi kuwa Disney tun a 1928 aka taɓa ƙwace masa wani zomo mai suna Oswald, daga ranar bai ƙara yarda wani ya mallaki abin da ya zana ba. Shi ya sa kullum nake damun ku a guruf ɗin nan da cewa kafin ku miƙa wa mai kuɗi aikinku ku karanta takardar, ku ga sunan wa aka rubuta.

Hannun nasu kam bai mutu ba. Wasan Cuphead na 2017 da matasa ke bugawa, salonsu ne tsaf, da hannu ma aka zana shi. Katun ɗin Batman na 1992 ya sha daga Superman ɗinsu. Akwai kuma wani abu da nake so. Ɗan Max, Richard Fleischer, ya zama daraktan fim, sai Walt Disney da kansa ya neme shi ya ba shi babban fim ɗinsa na jirgin ƙarƙashin teku, wanda ya fito a 1954. Richard bai karɓa ba sai da ya nemi izinin mahaifinsa, tunda abokin hamayyarsa ne na shekaru, kuma uban ya sa masa albarka. A 1956 Max ya ziyarci gidan Disney, ya tarar da tsofaffin yaransa suna aiki a can. Ya rasu a 1972.

Af, kafin in manta. Ba duk Popeye ba ne nasu, an ci gaba da yin sa bayan an kore su. In kana son ka gane na asali, yawancinsu baƙi da fari ne, in ban da ukun nan masu kala da na faɗa, kuma a na shekarun 1930 za ka ga ƙofar ɗakin jirgin ruwa tana buɗewa tana rufewa ana nuna sunaye. Ka tsayar da shi a nan ka karanta, za ka ga Max Fleischer a sama, Dave Fleischer a matsayin darakta. Ka duba na wayar yaran ka faɗa mini wanne ne. A gaida mutanen gida, sai da safe.