Ina zan dora sansar kamshaf bayan na canza birenbos?

Tambayar wannan makon daga wani dan uwa ne bakanike a Agege. Yace: "Salam oga, na cire birenbos, wato kwamfutar inji, na wata tsohuwar Toyota mai silinda hudu na saka Speeduino, wani birenbos da mutum yake saitawa da kansa, na daura faifai mai hakora 36-1, wato mai gurbin hakora 36 an cire daya, a karanshaf, mota tana tashi lafiya lau. Yanzu ina so kowane filogi ya samu kwayil dinsa. A ina zan kafa sansar kamshaf, kuma wacce zan saya a kasuwar kayan mota ta Ladipo?"

Wa alaikumus salam dan uwa. Faifan nan na karanshaf yana gaya wa birenbos inda fistin yake, amma baya gaya masa ko matsa iska yake ko fitar da hayaki, saboda karanshaf sai ya juya sau 2, wato digiri 720, kafin kamshaf ya juya sau 1. Aikin sansar kamshaf kenan, ta buga sigina daya tace ga zagayen da muke ciki. Tayimin na gaske daga karanshaf yake zuwa, shi yasa motarka take tashi ba tare da ita ba, filogi biyu suna wuta tare kuma babu laifi a haka in kudi sun yi kasa.

To wajen kafawar, nan ne mutane suke shan wahala wallahi. Hakori daya ya isa a kan kamshaf. Ka saita shi ya wuce gaban sansa kafin fistin na daya ya kai sama a lokacin matsi, amma kada siginar ta fado daidai kan gibin hakorin da aka cire a faifan karanshaf, ka bata tazarar hakora da dama daga gibin, kuma kada ta fado daidai bakin wani hakori. Dalili kuwa bel din tayimin ko sarka suna da dan wasa, in injin yayi zafi a gosulon gadar Third Mainland ko ka taka wuta ka saki, kamshaf yana dan gocewa gaba da baya, a faifan 36-1 kuma tsakanin hakori da hakori digiri 10 ne kacal, to in siginarka tana bakin hakori yau ta fado kafin hakori gobe bayansa, sai birenbos ya rude mota ta rika shakewa kana ta zargin nozul da famfon mai alhali basu da laifi. Na taba bata kwana biyu a gareji a kan irin wannan, kwamfuta a kan bonet, zufa na diga, ashe juya mazaunin sansar kadan ne maganin. Don haka ka sa mai walda ya yi maka mazauni mai dogon rami yadda zaka iya matsar da ita, da karfe mai kauri wanda baya rawa. Sannan ka bude TunerStudio, manhajar da ake saita Speeduino da ita a kwamfuta, ka kalli siginar karanshaf da ta kamshaf tare da idonka kafin ka daure noti.

Maganar saye, ni mai waya uku nake ba shawara, wato Hall, tana bada sigina mai tsabta ko lokacin da kake sitata injin na juyawa a hankali. Mai waya biyu siginarta tana rauni a wannan lokacin, kuma in ka juya wayoyin ta canza maka lissafi. A Ladipo ka nemi tokumbo ta asali tare da soket dinta da guntun waya, ta fi sabuwa mara suna. Tazara tsakaninta da hakori wajen milimita 1.

In tsohuwar distiributa tana nan kada ka yar, gudunta daya da kamshaf, a goge hakoranta a bar daya ta zama sansa. Sai ka roki mai rewaya ya sa waya mai rufi ya bi da ita nesa da wayoyin kwayil, ya kuma nade soket din sosai saboda ruwan saman Legas.