Dalilin da ya sa muke tambayar shekarun gida kafin kuɗin haya a Istanbul

Assalamu alaikum, Kawu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, kun tambayi abin da ya sa Hausawa mazauna Istanbul suke gudun gida mai arha a tsofaffin unguwanni, suke kuma ajiye jaka a bakin ƙofa, har kuka ce ko tsoro ne ya rage mana tawakkali.

Girgizar ƙasa ce dalili. Birnin nan yana bakin Tekun Marmara ne, kuma a ƙarƙashin ruwan, kimanin kilomita 20 kudu da gari, akwai doguwar tsaga a cikin ƙasa wadda ta taso tun daga gabashin Turkiyya. Ɓangarorinta biyu sukan cije na shekaru masu yawa, sannan su kuɓuce lokaci guda. Haka ta faru a Izmit, wani gari da ke gabas da Istanbul, ranar 17 ga Agustan 1999, wajen ƙarfe uku na dare mutane suna barci, inda girgiza mai ƙarfin maki 7.6 ta hallaka fiye da mutum 17,000. Abin da ke damun masana shi ne, sashen da ke daura da Istanbul bai yi babban motsi ba tun 1766, alhali yau mutum sama da miliyan 15 ne a birnin.

Mafi yawan waɗanda ke rasuwa a girgizar ƙasa gini ne ke danne su, kamar yadda aka gani a kudancin ƙasar a Fabrairun 2023, lokacin da aka rasa rayuka fiye da 50,000. Shi ya sa idan baƙo ya sauka yana neman ɗaki, na gaba da shi sukan sa ya fara tambayar shekarar da aka yi ginin, domin an tsaurara sa ido a kan gine-gine ne bayan 1999. Mukan kuma leƙa ƙasan bene, saboda wasu masu shaguna suna sare ginshiƙi don su faɗaɗa wuri, kuma irin wannan benen, komai kyan fentinsa, ba mu shigarsa. A nan ne muka fi shan wahala, domin ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa da ke saro kaya a unguwar Laleli aljihunsa tsohon gidan yake kai shi, kuma a ganina gara mutum uku su haɗu su kama mai tsada da kowa ya kama nasa a ruɓaɓɓen bene.

Jakar kuwa ruwa ne a ciki, da busasshen abinci, da tocila, da usur, da magani, da kwafin fasfo da takardar izinin zama. Yaranmu sun koyo a makaranta cewa idan ƙasa ta motsa a durƙusa, a kare kai, a riƙe abu mai ƙarfi, kada a ruga matakala, kuma wanda ke bakin teku ya nufi tudu da zarar ta lafa, don ruwa na iya tasowa. Tawakkalinmu yana nan, Kawu, amma ku kuka karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi tukuna.

Da ƙasa ta girgiza da maki 6.2 ranar 23 ga Afrilun 2025, layukan waya sun cushe, hankalin iyaye a gida ya tashi ƙwarai. Saboda haka ku shaida wa Inna cewa idan ta ji labari ta kira ba ta same mu ba, ta jira gajeren saƙo, domin kowane gida a cikinmu ya san filin da hukuma ta ware wa unguwarsa don taruwa, kuma daga can za mu rubuto.