Tambaya da Amsa: Yaranmu ba su san dawa ba, ta ina za mu fara?

TAMBAYA: Salam Anti, ya aiki ya iyali. Ni uwa ce mai yara huɗu a cikin birnin Kano, gidan haya muke kuma tsakar gidan duk siminti ne ko tsiro ɗaya babu. Yaran daga boko sai Islamiyya sai su dawo su hau rigima kan wayata. Da sallah mun je ƙauyen kakarsu babban ɗan shekara 12 ya kasa gane bishiyar kuka alhali kusan kullum miyarta yake sha, wallahi abin ya tsaya min a rai. Mu matan layinmu muna adashe, mun so mu haɗa kuɗi mu kai su Yankari amma kuɗin mota kaɗai ya fi ƙarfinmu kuma mazan sun ce hanya ba tsaro. Dan Allah mene ne shawara? Daga Maman yara huɗu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana su. Ki ajiye maganar Yankari tukunna. Wuri ne mai kyau ba musu, tun 1956 aka killace dajin, ga giwaye ga ruwan ɗumi na Wikki, amma tafiya ce ta sau ɗaya a shekaru, a kashe kuɗi a ɗauko hotuna a dawo, yaro ya koma kan waya washegari. Abin da yaranku suke buƙata fita ce ta kusa wadda za a dinga maimaitawa, ko sau ɗaya a wata, har ƙafarsu ta saba da ƙasa idonsu ya saba da kallon nesa.

Kuma kinga Kano ba ta rasa wuraren ba. Ku fara da Dutsen Dala ranar Asabar ko Lahadi da sassafe kafin rana ta yi zafi, akwai matakala, yaro ɗan shekara shida ma zai hau in an bi shi a hankali, in kun kai sama ku bar su su nemo Goron Dutse da kansu, su nemo hasumiyar babban masallacin Juma'a, su ƙirga shirwa nawa ke shawagi, su duba ina ne kore ya rage a garin ina ne sai kwano zalla. Wata na gaba gidan zoo na Audu Bako, amma dan Allah ba ranar sallah ba, ranar sallah turereniya ce kawai da ƙura, ku je ranar da ba mutane ku zauna ƙarƙashin bishiyoyi da tabarmarku. Na uku ku ɗauki motar haya ɗaya ku nufi wajen Kura ko Kadawa a hanyar Zariya lokacin noman rani, su ga ruwan da ake korowa daga madatsar Tiga yana bin kwalbati yana shiga gonakin tumatir da albasa, manomi in kun gaishe shi da mutunci kun nemi izini ba zai hana yara kallo ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan, kada ku fita ba tare da tsoho ko tsohuwar da ta tashi a ƙauye ba. A kowane layi akwai su, wata kakar tana zaune a ɗaki ba mai tambayarta komai alhali ta san bishiya hamsin da amfanin kowacce. Ita ce za ta tsaya gaban gawo ta ce ku kalli wannan, duk bishiyoyi suna kore da damina shi kuma lokacin yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai rani ya shigo ya yi ganye shar, shi ya sa manomi ba ya sare shi, ba ya yi wa gero inuwa kuma ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma awaki har rububinsu suke. Ita za ta fasa musu ɗorawa su lashi garin nan rawaya, ta nuna musu kalwar ciki ta ce daga nan daddawar miyarku take. Ta tsinko magarya, ta nuna kanya da ɗinya da aduwa, ta ce wannan a ci wannan kar a taɓa. Yaron da ya ji haka daga bakin kakarsa da abin a hannunsa ba ya mantawa, ita ma tsohuwar sai kin ga yadda fuskarta za ta washe.

Batun mazan kuwa ina bayansu, ba tsoro ba ne na banza. Dajin Falgore misali ba wurin da zan ce mata da yara su nufa da kansu ba ne. Ku zauna cikin gari da kewaye, ku fita da safe ku dawo kafin azahar, a samu iyaye maza biyu ko uku su raka ku, a sanar da mai unguwa, kowace babba a ba ta yara biyar da sunayensu a rubuce, a ƙirga wajen hawa mota a ƙirga wajen sauka. Ruwan sha da yawa, takalmi rufaffe saboda ƙaya da kunama, da leda babba ta kwashe shara. 'Yan matan ma a tafi da su fa, kar a ce su tsaya wanke-wanke. In maigida ya ce wasa ne kawai ki faɗa masa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum, likitocin ido kuma sun tabbatar yaran da suke daɗewa a waje cikin hasken rana sun fi tsira daga matsalar rashin ganin nesa.

TAMBAYA: Anti barka da ƙoƙari. Mu ƙungiyar samarin unguwa ce, mun saba yin gayyar yashe kwata kafin damina. Wannan hutun muna so mu kwashi ƙannenmu kamar su 40 mu kai su dam su yi wanka su hau kwale-kwale, ya kika gani? Daga wani ɗanki.

AMSA: Ɗana Allah ya yi muku albarka da wannan niyya, amma wanka da kwale-kwale ban yarda ba sam, kuma ina roƙonka ka karanta wa 'yan ƙungiyarku wannan amsar. Ba mu manta da Bagwai ba, ƙarshen watan Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari mutum sama da 20 suka rasu yawancinsu 'yan Islamiyya ƙanana, Allah ya jiƙansu. Yaran birni ba su iya ruwa ba, ku ma masu rakiyar in za a faɗi gaskiya nawa ne cikinku za su iya ciro yaro daga zurfi? Ga kuma tsargiya, ruwan dam da kududdufi akwai ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsarta, ta fata take shiga ba sai an sha ba, bayan makonni ka ga yaro yana fitsarin jini. Ku je ku kalli ruwa daga tudu, ku ga masunta suna gyaran koma, ku ci soyayyen kifi ku dawo. Sannan 40 sun yi yawa a fita ɗaya, ku raba su biyu.

Tunda kun iya gayya ga aikin da ya fi dacewa da ku. In ruwa ya zauna wajen Yuni zuwa Yuli ku samo dashe, ku ba kowane yaro bishiya ɗaya a ƙofar gidansu ko makaranta ko maƙabarta, shi zai haƙa ramin shi zai dasa. Dasawa ba wuya, inda ake faɗuwa shi ne akuya da rani, sai an kewaye da ƙaya ko tsofaffin bulo kuma a yi ta ban ruwa tun daga kaka har wata daminar, ruwan alwala ma ya isa. Kar ku cika layin da darbejiya kaɗai don tana saurin girma, ku sa tsamiya da mangwaro da zogale.

TAMBAYA: Malama ni malamin firamare ne a Haɗeja. Wai da gaske ne tsuntsayen da muke gani a fadama da sanyi daga Turai suke zuwa? Ina so in kai 'yan ajina. Daga Malamin aji biyar.

AMSA: Da gaske ne Malam. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru tana cikin manyan masaukan tsuntsaye a Afirka ta Yamma, wasu agwagin ruwa da ƙananan masu dogon baki suna gudo sanyin Turai su keto Sahara su sauka wajenku, ana ganinsu sosai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, har marigayi Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila Elizabeth, ya zo Dagona ta jihar Yobe a 1989 saboda su. Baturiya, ɗaya daga wuraren da tsuntsayen ke sauka a fadamar, tana kusa da ku. Ka nemi izinin hedimasta da na iyaye a rubuce, ka samu ma'aikacin gandun daji ko masunci ɗan wurin ya ja ku, ku isa tun hantsi bai yi ba, kowane yaro da littafi da fensir ya zana abin da ya gani ya rubuta sunansa na Hausa, gauraka ce ko zalɓe ko kirinjijiya. Danƙon harbi a bar shi a gida, kuma ko ƙafa kar yaro ya tsoma a ruwa.