Malaminmu ya rasu, wace karramawa ce ta dace da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina fata kana lafiya da iyali. Allah Ya yi wa malaminmu na firamare rasuwa bayan ƙaramar Sallah. Tun shekarar da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yake koyarwa a garinmu, bai ajiye alli ba sai da ya yi ritaya yana hedimasta. Ban da aji, shi ke koya wa manya karatu a zaurensa bayan sallar isha'i ba tare da karɓar ko sisi ba, shi ne kan gaba wajen yasar kwalbatoci kafin damina, kuma shi ya tsaya aka katange maƙabarta. Mu tsofaffin ɗalibansa mun buɗe zaure a WhatsApp, mun tara naira 900,000. Yanzu kanmu ya rabu. Wasu na son a yi babban taro a buga kalanda mai hotonsa, wasu na son a sa wa titi sunansa, wasu kuma sun ce duk bidi'a ce, addu'a ta wadatar. Me ka gani?
Tsohon ɗalibi, daga Malumfashi

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ku haƙurin rashi.

Ɗana, na karanta wasiƙarka, ban ga inda ka ambaci gidan Malam ba. Daga can zan fara.

Wanda ya shiga aji a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, ya cika shekara 35 yana aiki a 2011, wato wa'adin ritaya a lokacin. Ke nan Malam ya fi shekara goma yana rayuwa da fanshon malamin firamare, kuma ni da na ci alli na san abin da wannan ke nufi. Irin su Malam ba sa kai kuka. Mutumin da ya saba bayarwa ya gwammace ya sayar da akuyar matarsa a ɓoye da ya bari ɗalibinsa ya ji yana cikin matsi. Saboda haka ku zaɓi mutum biyu masu riƙon sirri su je su zauna da babban ɗansa, matanku kuma su shiga wajen mai takaba, wadda za ta yi wata huɗu da kwana goma a ɗaki. A tambaya a hankali: akwai bashin mai kanti ko na kemis? Akwai yaran da karatunsu zai tsaya? An biya shi garatuti duka, ko akwai ragowa? Bashi shi ake fara saukewa kafin a raba gado, kuma in a cikinku akwai ma'aikacin sakatariya da ya san hanyar fayil, ya bi wa iyalin haƙƙinsu. Wannan ba ya cin kuɗi, sai zirga-zirga.

Masu maganar bidi'a ba abokan faɗanku ba ne. Hukuncin taro ku kai wa limaminku. Amma akwai hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira wanda duk kun yarda da shi, cewa idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ku ɗora shawarwarinku a kan wannan sikeli. Hayar rumfa da kujeru, da shinkafa da lemo, da kuɗin man manyan baƙi za su lashe abin da kuka tara kafin la'asar. Kalanda kuwa shekara ɗaya take yi a bango.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne ajin daren nan. Yanzu da Malam ba ya nan, su wa ke koyar da dattawan da suka kai rabin hanya? Ka dubi Nana Asma'u 'yar Shehu. Ta rasu tun 1864, amma tsarinta na ilimantar da mata, 'Yan Taru, bai mutu da ita ba, domin ta horar da jajiye, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka su koyar da mata. Ta bar masu ci gaba. Ku ma haka za ku yi wa Malam. A cikinku na tabbata akwai masu NCE da ke zaune a gari. Ku raba musu darare, ku roƙi iyalin su bar muku zauren, ku sayi allo da tabarmi da fitila mai aiki da hasken rana, ku ware ɗan alawus na wata-wata, don aikin sa kai zalla yakan yi sanyi bayan zumuɗin farko ya wuce. Ku kai sunan ajin ofishin yaƙi da jahilci na ƙaramar hukuma, domin wanda ya kammala ya samu takardar shaida. Yasar kwalbati kuma ku tsayar mata da rana a watan Mayu, kafin ruwa ya kankama, a sa mai shela ya zaga kamar yadda aka saba.

Sanya wa titi suna ba laifi ba ne, kuma ba ya buƙatar ku taɓa asusunku sosai. Tsarin mulkin 1999 ya sa raɗa wa tituna suna cikin ayyukan ƙaramar hukuma, don haka takarda za ku rubuta ta hannun kansilanku da dagaci. In makarantar kuke so ta amsa sunansa, ku fara da kwamitin makarantar da Sakataren Ilimi. Ni dai na fi son makarantar. Titi sai ka ga an kafa allo, mutane sun ci gaba da kiransa layin mai ƙosai.

Sai tarihinsa. Malam Aminu Kano ya koyar a Midil ta Bauchi da kwalejin horar da malamai ta Maru kafin siyasa ta ɗauke shi, kuma bayan rasuwarsa a 1983 gidansa na Mambayya ya zama cibiyar nazari a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Malamin ƙauye ba shi da jami'ar da za ta tattara masa takardu, sai ku. Ku bi abokan aikinsa da suka rage da wayoyinku ku naɗi muryoyinsu tun suna da ƙarfin magana. Ku nemi tsohon rajistan makaranta da littafin da hedimasta ke rubuta abubuwan da suka faru. Ku tambayi matarsa yadda ajin dare ya soma. Kada a cika shi da kirari. In Malam mai bulala ne a faɗa, in akwai wanda ya biya wa kuɗin jarrabawa a ɓoye, shi ma ya fito ya faɗa da bakinsa. Shafi ashirin sun isa, a buga kwafi kaɗan, a ajiye a makaranta da gidansa.

Kuɗin nan kuma kada ya kwana a asusun mutum ɗaya. Ku sa mutum uku su riƙa sa hannu, ma'aji ya riƙa saka hoton rasit a zaurenku duk ƙarshen wata. Na ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ta watse a kan kuɗin da bai kai rabin naku ba.

Ka isar mini da ta'aziyya ga iyalan Malam.