Tafashiya ce ta dace da wannan lungu

Tambaya: Akwai wani lungu a bayan gidanmu a Kubwa da ruwa ke kwanciya duk damina. Sau biyu ina sayen bogenbiliya wajen masu sayar da furanni a bakin titi, duk ta mutu. Me zan saya? (Daga wata uwargida)

Amsa: Hajiya, ba laifin hannunki ba ne. Bogenbiliya 'yar Kudancin Amurka ce, rana take so da ƙasar da ke tsane ruwa da wuri, saiwarta kuwa ruɓewa take yi in ta daɗe a jiƙe. Ga shi ruwan Abuja yakan kama daga Afrilu har Oktoba.

Ni tafashiya zan ce ki nema. Tamu ce, a bakin rafi da gefen kurmi take fitowa, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima. Ganyenta faffaɗa ne mai sheƙi, furenta fari a dunƙule kamar ƙwallo, da ƙamshin da ke jawo ƙudan zuma. 'Ya'yanta in sun nuna ja-ja ne, ana ci. Dangi ɗaya suke da itacen gahawa. Yana damuna yadda muke zuba kuɗi a kan baƙin itatuwa alhali irin wannan na nan a dajinmu ba mai kallo.

Da wuya ki same ta a jere cikin leda. Ki yi wa mai furannin bayani da sunanta na Hausa ya nemo miki, ko a yanko miki reshe mai ƙwari, domin tana kamawa ta reshe. In dashe aka kawo, ki duba ƙasan ledar: wanda saiwarsa ta nannaɗe ko take wari, ki bar shi. A dasa a watan Mayu ko Yuni. Sai dai fa tana bazuwa, rassanta na kwantawa, don haka ki ba ta kamar taku huɗu daga katanga, ki riƙa rage mata kai bayan damina.

Tambaya: An ce saiwar tafashiya na da tiramol. In sayi ta masu magani don ciwon baya? (Daga wani direba a Nyanya)

Amsa: Malam, a 2013 masu bincike sun ce sun ga tiramol a saiwarta a Kamaru. A 2014 wasu suka nuna cewa daga fitsari da kashin shanun da ake ɗura wa ƙwayar ya shiga ƙasa. An daɗe ana jiƙa saiwar don zazzaɓi, amma abin da ake ƙulla maka a leda ba ka san adadinsa ba, ba ka ma da tabbacin ita ce. Ciwon bayan mai yini a kan sitiyari, a fara kai shi asibiti.