An buɗe mini ƙofar zuciya, amma ƙafafuna ba su daina kumbura ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Ɗorayi, shekarata 28, 'ya'yana biyu. Tun haihuwata ta biyu nake fama da haki, ko tsakar gida na share sai na zauna na huta. Da aka yi mini hoton zuciya na eko, likita ya ce ƙofar zuciyata da ake kira mitral ta tsuke, kuma wai asalinsa ciwon maƙogwaro ne na yarinta. Yau sati shida da yi mini aikin balan-balan. Numfashina ya sake, alhamdu lillahi, amma da yamma ƙafafuna sai su kumbura, cikina ta dama ya yi nauyi. Fili maigida ya sayar aka yi aikin nan. Yanzu Hajiyarsa na cewa kuɗi sun tafi a banza, in bar ƙwayoyi ta karɓo mini na gargajiya, ga zancen yaushe za a yi wa yaran ƙani. Anti, aikin ne bai yi ba?

'Yarki daga Ɗorayi

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da jiki. Sakin numfashin nan alama ce mai kyau, don shi ke fara zuwa idan ƙofar ta buɗe.

Ƙofar mitral a hagun zuciya take. Lafiyayyarta tana da faɗin santimita murabba'i 4 zuwa 6, idan ta koma 1.5 ko ƙasa da haka ta tsuke sosai. Jinin da ya fito daga huhu sai ya rasa hanya, ya taru a baya, kamar yadda ruwa ke komawa cikin gidaje idan kwata ta toshe da damina. Ɓangaren dama, mai tura jini zuwa huhu, shi ke shan wahalar: shekara da shekaru yana turi da ƙarfi har ya faɗaɗa ya gaji. Gajiyarsa ce ke tara ruwa a ƙafa da hanta.

Balan-balan ɗin da aka zura ta jijiyar cinyarki ya raba leɓunan ƙofar da suka manne, nan take matsin jini a hagun zuciya ya sauka. Amma jijiyoyin huhu da suka daɗe a takure ba sa sakewa rana ɗaya. Matsinsu kan ci gaba da raguwa tsawon watanni, ɓangaren dama na zuciya kuma na farfaɗowa a bayansa. Sati shida ya yi kaɗan a yanke hukunci.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai wadda damanta ba ya komawa daidai gaba ɗaya, musamman idan ciwon ya daɗe, ko ƙofar dama mai suna tirikasfid tana yoyo sosai, ko bugun zuciya ya rikice. Wani lokaci kuma mitral ɗin kanta kan fara yoyo bayan aikin. Eko ne kaɗai zai bambance, don haka ki koma wurin likitanki a satin nan, ki nemi ya gaya miki matsin huhunki da ƙarfin damanki, a gwada da na kafin aiki. Idan haki ya dawo, ko kika kasa kwanciya, ko zuciya ta riƙa bugawa barkatai, kada ki jira ranar asibiti.

Ƙwayoyi kuwa, kada ki bar ko ɗaya. Allurar penisilin ta wata-wata ita ke hana ciwon sake cin ƙofar. Idan kina shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, jiƙe-jiƙe na iya rikita shi har jini ya ɓalle. Ki rage gishiri da magi, kunun kanwa kuma ki haƙura da shi.

Maganar ƙani a dakata. Ciki kan ƙara yawan jini da kusan rabi, zuciyar da ke murmurewa ba ta shirya wa wannan kaya ba. Ki nemi tsarin tazarar haihuwa da ya dace da ke har likita ya ba da izini. Kada ki yi musu da Hajiya, tsoro ne da tausayin ɗanta. Maigida ya ɗauko ta ku tafi tare ranar eko, likita ya nuna mata a allo da idonta.