Amsa kan fim ɗin The Ridiculous 6 da sifilin da masu sharhi suka ba shi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka ga The Ridiculous 6 a Netflix, ka kuma ji an ce masu sharhin fina-finai sun ba shi sifili, kana so ka san ko ƙiyayya ce kawai ake yi wa jarumin fim ɗin, Adam Sandler, da kuma ko ya dace ka kalle shi tare da iyalinka. Na daɗe ina bin fina-finan kaboyi tun zamanin hayar kaset a shagon unguwa, kuma na barkwancinsu sun fi kwanta mini a rai, don haka zan faɗa maka abin da na gani.

Fim ɗin ya fito a Disamba 2015, Frank Coraci ne ya ba da umarni. Sandler ya fito a matsayin Tommy, farar fata da ya tashi a hannun ƙabilar Apache, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin ƙasar Amurka, wanda 'yan fashi suka ɗauke masa uba, ya shiga neman dala 50,000 domin ya fanso shi. A hanya ya riƙa cin karo da 'yan'uwansa biyar, uba ɗaya uwa daban-daban, suka haɗu suna fashi ba tare da sun iya ba.

Sifilin da ka ji daga Rotten Tomatoes yake, shafin intanet da ke tattara ra'ayoyin masu sharhin fina-finai, kuma ma'anarsa ita ce a cikin masu sharhin da aka ƙirga ba a sami ko mutum ɗaya da ya yaba fim ɗin ba. Duk da haka, a Janairu 2016 Netflix ya sanar cewa ba a taɓa samun fim da aka kalla a kwana 30 na farko kamarsa ba a dandalinsu. Wannan ba ya ƙaryata masu sharhi, domin wanda ya riga ya biya kuɗin wata ba ya asarar komai idan ya danna fim, kuma yawan masu dannawa ba ya nuna yawan waɗanda suka ji daɗi.

Ban yarda ƙiyayya ce ba, ruwa ba ya tsami banza. Masu sharhi sun sha karrama irin wannan fim idan an yi shi da kyau. A Cat Ballou na 1965, Lee Marvin ya fito a matsayin ɗan bindiga mashayi da aka ɗauko haya, ya kuma ci kyautar Oscar da wannan rawar. Akwai wurin da aka nuna shi a kan doki ya jingina da bango, barci ya kwashe shi, dokin ma ya jingina ya harɗe ƙafafu, babu wanda ya ce uffan, amma mai kallo sai ya riƙe ciki. Haka Don Knotts da Tim Conway a The Apple Dumpling Gang na 1975, inda suka lallaɓa ofishin 'yan kwana-kwana za su saci tsani, kowane motsi suka yi sai ya ƙara jefa su cikin rikici, su kuwa fuskarsu a murtuke domin a ganinsu babban aiki suke yi. Abin da ke sa wawan ɗan fashi ya ba da dariya ke nan: bai san shi wawa ba ne, yana ɗaukar kansa gwani, kuma masu shirya fim ɗin sun ba wautar tasa lokaci ta nuna.

A The Ridiculous 6 an rasa wannan haƙurin. 'Yan wasan sun san wauta suke yi, suna kuma tura ta a fuskar mai kallo, ga jaki mai gudawa da ake ta maimaitawa, ga tsawon kusan awa biyu a labarin da bai kai haka ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka mai da matan Apache abin ba'a, aka laƙaba musu sunaye na batsa. Tun ana ɗaukar fim ɗin a jihar New Mexico, a Afrilu 2015, kimanin 'yan wasa goma sha biyu daga cikin 'yan asalin ƙasar Amurka suka fice saboda wannan cin fuska, Netflix kuwa ya kare kansa da cewa shaguɓe ne ga tsofaffin fina-finan kaboyi. Ni ban ga shaguɓen ba, domin dariyar ta faɗa kan waɗanda tsofaffin fina-finan suka daɗe suna wulaƙantawa.

Zan yi masa adalci a wuri ɗaya. Inda John Turturro yake koya musu wasan besbol, yana ƙirƙiro dokoki nan take duk lokacin da ya ga za a ci shi, an rubuta shi da basira, kuma ya nuna cewa da sun so za su iya.

Game da iyali, ba na ba ka shawarar ka kunna shi a gaban yara ko surukai, saboda maganganun banza sun yi yawa. Idan dariyar kaboyi kake nema ku yi tare a falo, nemi The Apple Dumpling Gang, na kamfanin Disney ne, kuma yana da ci gaba da ya fito a 1979.